Kun Tambaya: Gandun Kiwon da Ya Haura Shekara 170 a Kudancin Teksas

A fitowar da ta wuce, cikin amsar da na ba wani game da kaboyi, bakina ya suɓuce na ambaci King Ranch na wuce. Ashe na jawo wa kaina aiki. Saƙonni suka yi ta shigowa, har da mai cewa na bar shi da ƙaiƙayi. Na ware biyar daga ciki, sauran ku yi haƙuri, yawancin tambayoyin naku suna cikin waɗannan.

*Assalamu alaikum Malam. Na ga wata a-kori-kura ƙirar Ford an rubuta mata King Ranch, ga wata lamba a jikin kujerunta kamar maciji ya lanƙwashe. Wane sarki ne mai wannan gandu? Ni dai na san Amurka ba su da sarauta. — Wani direban babbar mota*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Saninka daidai ne, ba su da sarki. King sunan mutum ne kawai, kuma mai sunan ko kusa bai haɗa hanya da gidan sarauta ba. Richard King ɗan talakawa ne, 'yan ci-rani daga Ailan, an haife shi a New York a 1824. Tun yana ƙarami aka kai shi koyon aiki wurin wani maƙerin zinariya. Zaman bai yi masa ba. Yana da shekara 11 ya sulale ya ɓuya cikin jirgin ruwa mai zuwa Mobile ta jihar Alabama. Da aka gano shi, maimakon a sauke shi sai aka riƙe shi yaron jirgi. A kan ruwa ya girma har ya zama kyaftin.

Yaƙin Amurka da Meziko ne ya kawo shi kogin Rio Grande a 1847, yana jigilar sojoji da kayansu. Yaƙi ya ƙare, shi da abokinsa Mifflin Kenedy suka ci gaba da harkar jiragen tururi a kogin, suka yi kuɗi. Ka riƙe wannan, don zai dawo: mutumin da ya kafa gandun shanu mafi suna a Amurka da kuɗin jirgin ruwa ya kafa shi, ba da kuɗin saniya ba.

A 1852 ya hau doki daga bakin kogin zuwa garin Corpus Christi don halartar wata kasuwar baje-koli. Tsakanin wuraren biyu daji ne fetal, ciyawa da ƙaya da dawakan jeji, har ana kiran yankin hamadar dawakan jeji. Bayan tafiyar kwanaki cikin ƙishi sai ya iso wani rafi mai ruwa da inuwa, Santa Gertrudis. Shekara na zagayowa, 1853, shi da wani abokin haɗin gwiwa mai suna Gideon Lewis suka kafa zangon shanu a wurin, aka sayi eka 15,500 a kan dala 300. Na buga lissafin sau biyu don ban yarda da na farko ba: kowace eka ba ta kai santi biyu ba. A 1854 ya ƙara wani fili na eka 53,000.

Fili ya samu, kuɗi akwai, amma kyaftin ɗin jirgi me ya sani game da saniya? Nan ne labarin da na fi so ya shigo. A 1854 fari ya kama arewacin Meziko. King ya tsallaka zuwa wani ƙauye da ake kira Cruillas a jihar Tamaulipas, ya tarar da mutane na neman kai da dabbobinsu kafin su mutu a hannunsu. Ya saye. Da ya juyo da garken sai ya lura ya kwashe wa ƙauyen abin da suke rayuwa a kai, shi kuma ba shi da wanda zai kula masa da shanun. Sai ya koma ya yi musu tayi: su biyo shi, ga gida, ga abinci, ga albashi. Mutum fiye da ɗari suka ɗaura kaya, maza da mata da yara, da jakuna da kaji da amalanke, suka nufo arewa a bayan shanun da jiya-jiya nasu ne. Su ake kira Kineños, wato mutanen King. Jifa da igiya, horar da doki, sanin halin saniyar da ta tashi a daji, duk su suka zo da shi. Jikokin jikokinsu na aiki a gandun har yau.

Lambar da ka gani kuwa harafin W ne mai gudu, an yi rajistarta a 1869, ita ake ɗana wa shanu da dawakin gandun da ƙarfe mai zafi. Wasu na cewa macijin yankin take kwaikwayo, wasu su ce lanƙwasar rafin, wasu ƙahon sa. Amfaninta dai a fili yake: ba ta da kusurwa ko inda layi ya hau layi, don haka lalas ɗin yakan warke tsaf, kuma ɓarawon shanu zai sha wuya kafin ya mai da ita wata lambar. Kamfanin Ford ya fara fitar da motoci da sunan gandun a farkon shekarun 2000. A yau filin ya kai eka 825,000, kusan murabba'in kilomita 3,340, ya fi jihar Rhode Island girma, a rabe gida huɗu: Santa Gertrudis, Laureles, Encino da Norias.

*Malam, abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda dukiyar mutum ɗaya ta kai wannan lokaci a hannun zuri'arsa. Ai da an binne mai gida ake fara rabo. Mene ne sirrin? — Wata malamar makaranta*

Malama, tambayarki ita ce uwar tambayoyin, kuma amsata ba za ta yi wa masu son labarin jarumin kaboyi daɗi ba. A ganina shanu ba su taɓa riƙe wannan gandu su kaɗai ba. Duk lokacin da ya kusa durƙushewa, wani abu ne daban ya tallafe shi.

Na farko auduga ce. A yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, King ya goyi bayan 'yan kudu, ɓangaren da ke kare bautar da bayi. Jiragen yaƙin arewa sun toshe tasoshin kudu, sai aka riƙa ratso gandunsa da amalanken auduga zuwa Meziko, daga can a yi Turai da ita. Ya ci riba mai yawa, ya kuma ja wa gidansa bala'i. A Disambar 1863 sojojin arewa suka dirar wa gandun da asuba. An riga an tsegunta wa King, ya fice, ya bar matarsa Henrietta da tsohon ciki da ƙananan yara, da wani amintaccen ma'aikaci mai suna Francisco Alvarado. Da harbi ya fara ratsa bangon katako, Alvarado ya buɗe ƙofa don ya shaida musu mata da yara ne kawai a ciki. Nan take suka harbe shi a bakin ƙofar. Sai da suka shigo da fitila suka duba fuskar gawar suka ga ba wanda suke nema ba ne. Duk sanda na ga an jera sunayen waɗanda suka gina King Ranch babu na Alvarado, raina kan ɓaci.

Bayan yaƙi aka yi wa King afuwa, sai kuma zamanin kora shanu ya zo. Saniyar da ba ta da daraja a Teksas tana ninka kuɗinta sau da yawa a arewa, don haka aka riƙa kora garkuna a ƙasa, tafiyar wata uku ko fiye, zuwa tasoshin jirgin ƙasa na Kansas. Tsakanin 1869 da 1884 shanu sama da 100,000 suka bar gandun ta wannan hanya. Duk abin da ya shigo, King fili yake saye da shi, in bai isa ba ya ci bashi. Da ya mutu a San Antonio a 1885, ya bar eka sama da rabin miliyan, da bashin dala kusan 500,000.

To ga inda za a yi rabon da kike magana. Ba a yi ba, saboda komai ya bar wa matarsa, ita kuma ta ƙi sayarwa. Henrietta 'yar wani limamin coci ce, ba mai son hayaniya ba, kuma ta yi shekara 40 tana riƙe da gandun bayan mijinta, cikin baƙaƙen kayan takaba. Aikin yau da kullum ta damƙa shi ga Robert Kleberg, lauyan gidan, wanda ya auri 'yarta Alice a 1886. Ana ba da labarin cewa King ya san Kleberg ne a kotu, inda saurayin lauyan ya kayar da shi a wata shari'a, shi kuwa maimakon ya ƙullace shi sai ya ɗauke shi aiki.

Abu na biyu ruwa ne. Fari ya sha kashe musu dubban shanu, don rafi ba ya kai ko'ina. A 1899 Kleberg ya sa aka zurfafa haƙa da sabon injin, aka huda har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi tsartuwa sama da kansa ba tare da famfo ba. An ce mutumin ya tsaya yana kallon ruwan yana hawaye. Ni ban ga laifinsa ba. Da ruwa ya samu, jirgin ƙasa ya biyo baya a 1904, Henrietta ta ba da fili aka kafa garin Kingsville, da sharaɗin ba za a sayar da giya a filayen da ta bayar ba.

Ta rasu a 1925 tana da shekara 92, gandun ya haura eka miliyan ɗaya. Ranar jana'izarta Kineños kusan 200 suka zo a kan dawaki, wasu tafiyar kwana biyu. Da aka gama addu'a suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya cire malafarsa ya zagaya kabarin a kan doki sau ɗaya, sannan ya kama hanya.

Wasiyyarta ta ɗaure dukiyar a hannun amintattu na shekara goma kafin a raba. An kuwa raba, wasu magadan sun fita da kasonsu, shi ya sa filin yau bai kai na 1925 ba. Amma reshen Kleberg sun haɗe nasu, suka sayi na wasu, suka mai da shi kamfani a 1934. Wannan dabara ce ta amsa tambayarki kai tsaye: daga ranar, magaji hannun jari yake gada, ba fili ba. In ya so ya sayar da takardarsa, amma ba mai zuwa da igiyar awo ya yanki kusurwar makiyaya.

Abu na uku, wanda masu ba da labarin kan rage murya in sun zo kansa, shi ne man fetur. Harajin gado da karyewar tattalin arzikin duniya sun bar gidan da bashin sama da dala miliyan 3. A 1933 suka ba kamfanin Humble Oil izinin neman mai a filin, kamfanin ya ba su rancen da ya share bashin. An samu mai a 1939, aka samu mai yawa a 1945. Da wannan kuɗi Robert Kleberg ƙarami, jikan King, ya buɗe gandaye a Kyuba, Ostireliya, Birazil, Ajantina, Benezuwela, Sifaniya da Maroko. Na Kyuba gwamnatin Castro ta ƙwace bayan juyin 1959, sauran kuma an sayar da su a hankali bayan rasuwarsa a 1974. Yau kamfanin na noman auduga da dawa a Teksas, lemo da rake a Florida, yana kuma karɓar kuɗi daga mafarauta masu hayar daji don harbin barewa da tsuntsaye. Tun ƙarshen shekarun 1980 ma ba lallai ɗan gida ne ke shugabancin kamfanin ba.

*Ranka ya daɗe, tsakani da Allah, filin nan da halaliya aka same shi? — Wani ɗalibin shari'a*

Takardu akwai, in su kake nufi. Amma kai da ke karatun shari'a ka san takarda ba ta faɗin halin da mai sa hannu yake ciki. Filayen nan Sifaniya da Meziko ne suka ba wasu iyalan Meziko tun kafin yankin ya koma hannun Amurka a 1848, kafin su kuma akwai 'yan asalin ƙasar da aka tarwatsa. Yaƙi da hare-hare sun kori masu filayen da yawa zuwa ƙetaren kogi, gado kuma ya rarrabu tsakanin magada barkatai. Lauyoyin King suka riƙa bin su ɗaya-ɗaya suna sayen kaso, wani filin ma sau biyu aka biya kuɗinsa. Masu kare gandun kan kafa hujja da wannan. Zuriyar waɗanda suka sayar kuwa, da masana tarihi da dama, na cewa mutumin da aka zagaye gonarsa da shinge, aka raba shi da mashaya, kotu ba ta jin yarensa, 'yan sandan jiha kuma ba nasa ba ne, bai sayar da son ransa ba. Ni na fi karkata ga na biyun. Santi biyu a eka ba farashin mai zaɓi ba ne.

Haka zaman Kineños yake da fuska biyu. Gida da makaranta da magani kyauta, tsoho ba a korarsa, amma albashi kaɗan ne, kuma ƙasar da kakanninsu suka yi wa hidima ba su da taƙi ɗaya a cikinta. Daga cikin yaran da aka haifa a gandun akwai Lauro Cavazos, ɗan wani shugaban ma'aikata, wanda ya zama ministan ilimin Amurka a 1988.

*Malam, a littafinmu na ga nau'in shanu mai suna Santa Gertrudis. Yana da alaƙa da rafin da ka ambata? — Wata mai koyon likitancin dabbobi*

Ƙwarai kuwa, 'yata, daga nan sunan ya fito. Shanun farko na gandun masu dogon ƙaho ne, jikokin waɗanda Sifaniyawa suka kawo. Akwai juriya, babu tsoka. Da kasuwa ta fara neman nama mai taushi sai aka kawo jinsin Ingila, Shorthorn da Hereford. Waɗannan akwai nama, amma rana na take tsaka sai su nemi inuwa su daina kiwo, kaska kuma ta riƙa sa musu zazzaɓin da ke kashe su. Kleberg babba na cikin waɗanda suka fara tura shanu ta cikin kwatamin ruwan magani don kashe kaska. Wannan ya rage cuta, bai rage zafi ba.

Maganin zafin daga Indiya ya fito: shanu masu tozo, waɗanda a Amurka ake kira Brahman. Fatarsu sakwa-sakwa ce, suna gumi sosai, ƙwari ba su cika damunsu ba. Wajen 1918 gandun ya sayi bijimai 52 masu rinjayen wannan jini ya sake su cikin shanun Shorthorn kusan 2,500. A 1920 aka haifi wani jan maraƙi mai yawan wasa, har aka sa masa suna Monkey, wato biri. Ya girma ya yi ƙirji da cinya, ga sanyin hali, kuma abin da ya fi komai, 'ya'yansa kamarsa suke fitowa. Kin san wannan shi ne wuyar aikin. Samun bijimi ɗaya mai kyau sa'a ce, samun wanda ke zuba kamanninsa a zuriya shi ke kafa jinsi. Kafin ya mutu a 1932 ya bar 'ya'ya maza sama da 150 da aka yi barbara da su, kuma duk Santa Gertrudis na asali a duniya gare shi take komawa. Gwamnatin Amurka ta amince da jinsin a 1940, shi ne nau'in shanun nama na farko da aka samar a ƙasar. In an tambaye ki a jarrabawa: kashi biyar cikin takwas Shorthorn, uku cikin takwas Brahman, launi ja mai duhu.

*Ka yi ta zancen shanu, Malam. Mu masu son doki fa? — Wani tsohon mahayi*

Afuwa, Baba, na ajiye naka a ƙarshe ne don ya fi daɗi. Gandu irin wannan ba ya kiwuwa a ƙafa. Dokin aikin shanu ba tsere mai nisa ake nema gare shi ba. Ana son wanda zai shiga tsakiyar garke a natse, ya ware saniya ɗaya, in ta zabura hagu ya riga ta, in ta juya dama ta tarar da shi, mahayi ko linzami bai ja ba. Irin wannan doki ake kira Quarter Horse, saboda saurinsa a tseren rubu'in mil.

A 1915 Caesar Kleberg, ɗan'uwan gidan, ya sayo wani jan duƙushi. Ba a ma wahalar da kai wajen raɗa masa suna ba, Old Sorrel kawai ake ce masa, tsohon jan doki. Da Robert ƙarami ya hau shi ya ga irin basirarsa a kan saniya, sai ya yi masa irin abin da aka yi wa Monkey: ya tara masa goɗiyoyi na ƙwarai, ya gwada 'ya'yan a bakin aiki, ya ajiye waɗanda suka gado shi, sannan ya haɗa jinin da jinin. Da aka kafa ƙungiyar masu wannan nau'in doki a 1940, aka ajiye lamba ta ɗaya a littafin rajista ga ingarman da zai ci gasar Fort Worth ta 1941. Wanda ya ci shi ne Wimpy na King Ranch, jikan Old Sorrel ta uwa da ta uba.

Amma dokin da na san zai shiga ranka daban ne. Sunansa Assault, dokin tsere, an haife shi a gandun a 1943. Yana ɗan duƙushi ya taka wani abu mai tsini, ana jin turken masu awon fili ne, ya huda masa kofaton gaba na dama. Kofaton ya warke a karkace, bangonsa ya yi siriri har sai an yi dabara kafin a kafa masa takalmi. In yana tafiya ɗingishi yake, wani lokaci har ya yi tuntuɓe, wanda bai san shi ba zai ce a mai da shi gida. Amma da ya ware a guje, ɗingishin sai ya ɓace.

A 1946 ya shiga Kentucky Derby, na farko cikin manyan tseren dawaki uku na Amurka, ba shi ake sa rai ba, ya ba na biyu ratar tsawon doki takwas. Ya ci Preakness da ƙyar, da tsawon wuya. A Belmont ya yi tuntuɓe tun daga tashi, ya bi su a baya, ya zo ya wuce da ratar doki uku. Shi ne doki na bakwai da ya haɗa waɗannan manyan tsere uku a shekara ɗaya, kuma har yau shi kaɗai ne haifaffen Teksas da ya yi haka.

Sai aka mai da shi gida don ya ba da iri, a gidan da duk sunansa a kan iri ya ginu. Aka gwada, aka sake gwadawa, goɗiyoyin tsere ba wadda ta ɗauka. Aka mayar da shi fagen tsere na ɗan lokaci, daga baya aka sake shi a makiyaya ya huta. Ya mutu a 1971 yana da shekara 28, a gandun aka binne shi.